Sarƙar taimin ta tsohuwar Hilux mai injin 22R tana ƙara da safe: a canja ko a ƙyale?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar a-kori-kura, Toyota Hilux ƙirar 1991 mai injin fetur 22R, da ita nake kai kaya kasuwannin ƙauye. Kwanan nan in na tashe ta da safe sai in ji karaf-karaf daga gaban injin na ɗan lokaci, sannan ta yi shiru. Bakanikena ya ce sarƙar taimin ce, zai canja sarƙar kaɗai cikin yini guda, ba sai ya sauke kaskon mai ba. Wani abokina direba kuma ya ce in ƙyale ta, wai sarƙa ba bel ba ce, ba ta tsinkewa. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka bi na abokinka. Na bakaniken kuma ka ɗauki rabi ka bar rabi. Ya yi daidai da ya ce a buɗe gaban injin, amma canja sarƙa ita kaɗai a 22R, kuma ba a sauke kasko ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. A wannan injin ba sarƙar ce ke fara mutuwa ba. Robar da take bi ce, kuma duk ɓarnar da ake ji daga nan take farawa.

Ga yadda abin yake. Sarƙar ta haɗa karanshaf da ke ƙasa da kamshaf da ke saman silinda, ta yadda duk zagaye biyu na ƙasa, na sama zai yi ɗaya, bawul su buɗe su rufe daidai lokacin da fistin ke hawa da sauka. Tsakanin giyar ƙasa da ta sama akwai tazara mai yawa, don haka aka sa wa sarƙar abin jingina hagu da dama, wato damfa guda biyu: miƙaƙƙiya a ɓangaren direba, lanƙwasasshiya a ɗaya ɓangaren. A ƙasan lanƙwasasshiyar akwai adjosta, wadda ke tura sarƙar don ta ɗame. Adjostar nan da ƙarfin baƙin mai take aiki, sifirin ɗin da ke cikinta ɗan taimako ne kawai. Da dare mai ya gangara kasko. Da safe in ka murɗa makulli, kafin famfon mai ya kawo ƙarfi, sarƙar a sake take, sai ta riƙa marin damfa. Ƙarar da kake ji ke nan, kuma shi ya sa take ɗaukewa da zarar fitilar mai ta mutu.

Toyota ta fara fitar da 22R a 1981, mai lita 2.4, kuma na farkon suna da sarƙa mai layi biyu da damfa mai bayan ƙarfe. Wajen 1983 aka koma sarƙa mai layi ɗaya da damfar roba zalla. Taka tana cikin na bayan. Robar nan shekara da shekaru tana cikin mai mai zafi, sai ta bushe ta yi ƙarfi, marin safiya kuma yana ta cinta har ranar da miƙaƙƙiyar za ta kare. Daga nan sarƙa ba ta da abin jingina sai murfin gaban injin, wanda na alminiyom ne, ita kuma ƙarfe ce. Za ta yi ta zagarsa har ta fitar da layi biyu a jikinsa. Abin takaicin shi ne daidai bayan wurin da take ci hanyar ruwa ce, inda famfon ruwa yake zaune. Ranar da ta huda, ruwan lagireto zai zuba kai tsaye cikin kasko, ka zaro gejin mai ka ga ya koma kamar shayi mai madara. Man da ya gauraya da ruwa ba ya kare metal, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa. In aka ci gaba da tafiya a haka, maganar ta tashi daga sarƙa ta koma sauke injin gaba ɗaya.

Abokinka ba ƙarya ya yi ba cewa da wuya sarƙa ta tsinke. Sai dai ba sai ta tsinke take ɓarna ba. In ta saki sosai tana iya tsallake haƙori, kuma 22R injin ne da fistin ke iya cin karo da bawul in lokaci ya goce da yawa. Ga kuma gutsattsarin robar da ta karye. Ba su da wurin zuwa sai kasko, inda suke taruwa a bakin rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake cewa dole a sauke kaskon. Za ka iya sa sabuwar sarƙa fes, injin ya yi shiru, bayan wata biyu fitilar mai ta fara ƙyaftawa a kan hanya saboda rariya ta toshe da tsohuwar roba.

Kafin ka kashe ko kwabo, a tabbatar sarƙar ce. Binciken ba ya cin rabin awa. A cire murfin saman injin, noti huɗu ne, a haska tocila ƙasa ta gefen giyar kamshaf a ɓangaren direba. In damfa tana nan za ka ga kanta da kusar da ke riƙe da ita. In kusa kawai ka gani tana zaune ba roba, ko ka ga layi biyu masu ƙyalli a jikin murfin gaba, magana ta ƙare. A duba gejin mai da ƙarƙashin murfin zuba mai ko akwai alamar ruwa. Akwai wasu ƙararrakin da ke ruɗar mutane: tafet, wato abin da ke danna bawul, in ya saki yana yin cak-cak-cak daga sama, amma shi ba ya ɗaukewa bayan daƙiƙa kaɗan, yana bin gudun injin. Gasket ɗin bakin salansa in ya ƙone yana ƙara da sanyi ya ragu in ƙarfe ya ɗau zafi. Famfon ruwa ko altaneta kuwa, a cire fanbel a tayar da injin na ɗan lokaci, in ƙarar ta ɓace to su ne. Dogon sukundireba, baki a jikin murfin gaba, ƙota a kunne, yana nuna inda ƙara take fitowa fiye da yawan gardama.

In ruwa ya riga ya shiga mai, kada a yi saurin ɗora wa gasket ɗin saman silinda laifi. An sha canja gasket a wannan injin, a haɗa, ruwa ya ci gaba da shiga, alhali ramin yana jikin murfin gaba.

Yanzu maganar kaya. Saiti ake saya: sarƙa, giyar sama, giyar ƙasa, adjosta, damfa biyu, gasket ɗin murfi na hagu da dama, oyil sil na gaba, da zoben robar famfon mai. Sabuwar sarƙa a kan tsohuwar giya ba ta daɗewa, domin haƙoran sun riga sun cinye daidai da tsohuwar da ta miƙe. Littafin gyara na Toyota ya ba da ma'auni: in aka ja sarƙar ta miƙe aka auna gaɓa 17, kada ta wuce milimita 147. Amma motar da ta haura shekara talatin, in har an buɗe, ni ba na tsayawa awo. Wahalar buɗewar ta fi kuɗin sarƙar nesa ba kusa ba.

In ka samu saiti mai damfar da ke da bayan ƙarfe da roba a fuska, shi za ka ɗauka ko da ya fi tsada. Ko robar ta cinye, ƙarfen zai tsaya tsakanin sarƙa da murfi. Kamfanin OSK na Japan yana yin saitin sarƙar wannan injin, Aisin kuma yana yin famfon mai da na ruwa. Sai dai kwali ba shaida ba ne, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka saya ko a Panteka ta Kaduna. Ka je wurin mai shagon da ka san zai karɓi kayansa in ba su yi ba. Ka matsa kan adjostar da yatsa, ya kamata ta shiga ta fito sumul ba tare da cijewa ko girgiɗi ba. Adjosta marar kyau ita ce ke dawo da ƙara cikin 'yan watanni. Sarƙa da damfa 'yan Beljiyam kuwa, ban ga amfaninsu ba. Robar da aka ciro daga wani tsohon injin ta riga ta sha nata zafin. Murfin gaba ne kawai zan yarda a sa na hannu, in an duba cikinsa ba zaga, ba tsaga, kuma hanyar ruwansa ba ta rube ba.

Wani abu da ke kama mutane: daga 1985 Toyota ta ɗan rage tsayin bulok ɗin 22R, sarƙar ta koma gaɓa 96 maimakon 98, murfin ma ya canja. A takarda motarka ta 1991 ce, amma motocinmu nawa ne har yanzu ke ɗauke da injin da suka fito da shi daga kamfani? Don haka a ciro tsohuwar sarƙa a tafi da ita kasuwa, a jera ta da sabuwa a ƙirga.

Aikin kansa ba sihiri ba ne, haƙuri yake so. A cire kan batir, a zubar da ruwa da mai, a fitar da lagireto, fanka, bel-bel da duk ƙarfen da ke ɗaure a gaban injin. Kafin a taɓa sarƙa, a juya injin da hannu har fistin na ɗaya ya hau ƙololuwa a bugun matsewa: tsagar jikin fuli, wato faifan bel da ke gaban karanshaf, tana kan sifiri, rokokin silinda na ɗaya, wato hannayen ƙarfen da ke kan bawul, duka biyu suna motsi in an taɓa su, rotar dilko, mai raba wa filogi wuta, tana kallon wayar filogi na ɗaya. In tsagar tana kan sifiri amma rokokin a ɗaure suke, a ƙara zagaye ɗaya. A yi wa mazaunin dilko alama kafin a zare shi. Tunda taka mai kafireto ce, famfon fetur ma yana cin motsinsa daga gaban kamshaf, shi ma zai fita.

Babbar kusar fuli ita ce mai taurin kai. A kwance ta tun injin yana ɗaure a mota, a sa giya ta sama a taka birki. Da yawa suna jingina dogon sifana da jikin shasi su taɓa sitata. Yana yi, amma sai an cire wayar kwayil don kada injin ya tashi, kuma kowa ya janye hannunsa. Bayan ta saki sai a sake daidaita alamar. Fulin da abin zaro fuli ake fitar da shi, ba da guduma da taya-liba ba.

Akwai kusa guda da ke ɓoye, kuma ita ce ta fi fasa murfi a hannun masu gaggawa. Tana sauka ne daga saman silinda ta shiga kan murfin gaba, a gaban giyar kamshaf, ƙarƙashin giyar da ke juya dilko, cikin ɗan ramin da baƙin mai ke kwanciya ya rufe ta. Sai an tsane man da tsumma ake ganinta. Bayan murfin kuma akwai bututun ruwa da ke ɗaure da shi. In an cire duk kusoshin da ido ke gani murfi ya ƙi motsi, ba ƙarfi ake ƙarawa ba, neman wadda ta rage ake yi.

Kusoshin murfin tsayinsu ba ɗaya ba ne. A samu kwali a zana siffar murfin, duk wadda aka cire a soka ta a mazauninta. Doguwa in ta shiga ramin gajeriya tana iya fasa alminiyom, ta saman famfon mai kuwa in ta yi tsawo har adjosta take tokarewa.

Sai tambayar da masu gyara ke saɓani a kai: a ɗaga saman silinda ko a bar shi? Littafin kamfani ya ce a ɗaga. Dalili shi ne leɓen gasket ɗin saman silinda ya miƙo har kan murfin gaba, in ana zare murfin ko mayar da shi ana iya naɗe shi. Ra'ayina, in injin ba ya zafi, ba ya shan ruwa, ƙarfinsa lafiya, a bar kaza cikin gashinta. Tunda an sauke kasko, murfin yana da sararin da zai zame ƙasa ya fita, ya kuma koma ba tare da ya ƙwarzane gasket ɗin ba, a ɗan shafa gam a kusurwoyin da ƙarafa uku suka haɗu. Ka ga sauke kaskon ya yi amfani biyu. Amma in motar ta taɓa tafasa, ko ruwa ya shiga mai, ko sarƙar ta tsallake, a ɗaga a duba bawul. Kusoshi goma ne ke riƙe da saman silinda tare da rokoki, ana kwance su kaɗan-kaɗan daga waje zuwa tsakiya, ana ɗaure su daga tsakiya zuwa waje.

In an ɗaga, ka sa ido kan abu guda. Mun saba duk saman silindan da ya sauka sai an kai shi an share fuskarsa, ko yana buƙata ko ba ya buƙata. A injin da kamshaf ke sama, duk abin da aka share ya rage tazarar giyar sama da ta ƙasa, wato sarƙa ta ƙara saki tun tana sabuwa, adjosta kuma ta fito fiye da ƙima. Saman silindan da aka share sau biyu sau uku yana iya sa sabon saiti ya yi ƙara. A auna da miƙaƙƙen ƙarfe tukuna, in bai lanƙwashe ba a wanke shi kawai.

A wasu masu jan ƙafa huɗu aksul ɗin gaba yana tare kasko, sai an sassauta shi an ɗan sauke. Wannan ne yawanci ke sa bakanike ƙyuya. Ka biya shi ladan wahalarsa ya yi. In kasko ya fito a wanke shi da rariyar, a tattara gutsattsarin roba a jera su da abin da ya rage a jikin injin, a ga ko sun cika damfa guda.

Wajen haɗawa, makullin karanshaf yana kallon sama. Sabuwar sarƙa tana da gaɓoɓi masu haske ko masu launi. Ɗaya tana hawa kan ɗigon giyar ƙasa, ta sama kuma kan ɗigon giyar kamshaf. A wasu saitin gaɓa biyu ne masu haske a sama, ɗigon yana zama tsakaninsu. Ɓangaren direba ya zama a ɗame, duk sakin ya koma ɓangaren adjosta. Kusoshin adjosta ƙanana ne, kada a ɗaure su kamar notin taya, in an matse fiye da ƙima jikinta yana murɗewa ta cije. Gam kuma kaɗan ake sawa. Wanda ya yi yawa yana matsowa ciki, ya ɓalle, ya je ya toshe ƙaramar ƙofar man da ke ciyar da adjostar, a yi gyaran gangar Abzinawa. Famfon mai yana zaune ne a jikin murfin, a cika tsakanin haƙoransa da basilin kafin a mayar, don ya kama mai da wuri. A duba wuyan fuli inda oyil sil ke gogawa, in ya yi zurfin zaga sabon sil ma zai yi yoyo. Famfon ruwa tunda ya riga ya fito, in yana da wasa ko alamar ɗiga, yanzu ne lokacin canja shi.

Wajen ƙarfin ɗauri, wanda ake aunawa da Nm, kusar fuli tana son 157, ta giyar kamshaf 79, kusoshin saman silinda su ma 79. Wannan sai da sifana mai awo. Garejin da ba shi da ita ya aro. Kusar fuli in ta yi sako-sako, fulin yana wasa har ya cinye mazaunin makulli a jikin karanshaf, kuma giyar da ke juya famfon mai a wuri ɗaya take zaune da shi.

Kafin a taɓa makulli, a cire filogi a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku ta hannun agogo. In ya tokare, a tsaya, kada a tilasta. In ya dawo, tsagar fuli ta koma sifiri, ɗigon giyar sama ya koma inda aka bar shi. Gaɓoɓi masu haske ba za su dawo kan ɗigo bayan zagaye biyu ba, kuma wannan ba matsala ba ce. Na ga masu koyo sun sake warware aiki mai kyau saboda wannan. Amfaninsu na lokacin ɗorawa ne kawai. Daga nan a sa sabon mai da sabuwar filta, a bar wayar kwayil a cire, a yi ta bugun sitata kaɗan-kaɗan har fitilar mai ta mutu, sannan a tayar. In injin ya ɗau zafi a daidaita tafet: milimita 0.20 na shigar iska, 0.30 na fitar hayaƙi. Wutar dilko a saita ta da fitilar taimin, ba da kunne kaɗai ba. In motar ta ƙi tashi ko tana harbi ta kafireto bayan aikin, a fara zargin dilko ya zauna a haƙorin da ba nasa ba kafin a zargi sarƙa.

Game da yini guda da ya ce, mai hannu da kayan aiki yana iya gamawa, amma ka ba shi kwana biyu. Goge tsohon gasket daga fuskokin alminiyom ba tare da an ƙwarzane su ba shi ke cin lokaci, kuma gam ɗin kasko yana son ya kwana kafin a zuba mai. Ka ce a ajiye maka duk tsofaffin kayan da aka ciro ka gani da idonka.

Abin da zai sa sabon saitin ya daɗe, mai ne da filta. Filta mai kyau tana da ɗan bawul na roba da ke hana mai komawa kasko in injin ya kwana. Mai araha sau da yawa nata ba ya riƙewa, sai ka ga fitilar mai tana jinkirin mutuwa kowace safiya, sarƙa kuma tana marin damfa duk tsawon wannan lokacin. Motar da ke bin hanyar burji da ƙurar hunturu, ni ba na barin manta ya wuce kilomita 5,000, kuma ba na sayen na gwangwanin awo a bakin titi. In ka tashe ta da safe kada ka taka totur sai fitilar ta ɗauke. Lagireto kuma a riƙa sa masa ruwan sanyaya injin na gora, domin ruwan rijiya yana cin alminiyom ɗin murfin daga ciki.

In ya zamana ruwa ya riga ya shiga mai kafin gyaran, to tunda kasko yana ƙasa a buɗe metal ɗaya ko biyu a duba fuskarsu, kuma man farko kada ya wuce 'yan ɗaruruwan kilomita a sake zubar da shi tare da filta. In kuma an yi komai daidai amma ƙarar safiya ba ta tafi ba, ko fitilar mai tana ƙyaftawa in injin ya yi zafi yana silo, a ɗaura gejin awon ƙarfin mai a mazaunin suwic ɗin mai a gani. Tsohon injin da metal ɗinsa ya cinye ba ya tara ƙarfin da zai tura adjosta, kuma wannan sarƙa ba za ta gyara shi ba, sai an sauke an yi masa metal da famfon mai.